Fatar da Harshe Bai Sani Ba

Shiling, Guangzhou
9 ga Maris, 1998

Zuwa ga taubashiyata Malama Saudat,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, har da 'yan ajinki da kike gana wa azaba da Turanci. Ki gaishe min da kakanmu Baba Ilu, ki tambaye shi ya idon. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ruwan saman garin nan da ba ya gajiya. Rigata kwananta uku a kan igiya ba ta bushe ba.

Na san labarina ya zo muku rabi-rabi, to ga shi daga bakina. Kin san Alhaji Shitu ya taho da ni ne don in riƙa zaɓar masa jakunkuna. Muka zo nan Shiling, garin masu ɗinkin jaka, tafiyar awa guda a mota daga cikin birni. A wata masana'anta aka jera mana kaya, aka ce duk fata ce zalla. Sai na yi abin da Baba ya koya min a majema tun ina ɗan shekara bakwai, na ɗauka na ɗan lasa. Ta farko na ce roba ce. Ta biyu saniya. Ta uku akuya, amma tsohuwa. Mai wurin, wanda a nan ake ce wa Lawban, wato maigida, ya sa aka kawo yanka ashirin ya gwada ni, ban faɗi ko ɗaya ba. Ranar nan ya roƙi Alhaji ya bar masa ni.

Aikina ke nan yanzu. In an sauke fatu in lasa, in masu saye sun zo in lasa a gabansu su tafa. Ɗakina yana saman wurin yanka, abincina shinkafa da dafaffen ƙwai, don ban yarda da namansu ba. Fasfona yana hannun Lawban wata na biyar ke nan, wai zai sabunta min biza. Duk ranar da na tambaya sai ya ce meyo, wato babu. Saboda haka ba na fita ko masallacin Juma'a, 'yan sanda suna tare baƙi a hanya.

Ga abin da ya sa na tuna da ke. A nan ba mai kirana Abdulgafar, sai Mista Lick. Wani ɗan kasuwa daga Ghana da ya ji sunan ya yi dariya har da hawaye, ya ƙi gaya min dalili. Ke ce mai ƙamus, ki duba min. In zagi ne ki faɗa min, in san irin fuskar da zan riƙa amsawa da ita.

Ki gaya wa Baba na gamu da wata fata mai laushi, siririya, mai ɗan maiƙo a harshe. Ban taɓa jin irinta ba. A gaban Alhaji aka miƙo min ita, mutane sun zuba ido, na ji kunyar yin shiru, sai na ce tunkiya ce irin ta ƙasar nan. Lawban ya yi ta gyaɗa kai. Alhaji ya ji laushinta, ya ce da ita za a ɗinka masa gafakar Alƙur'ani, ɗari na gwaji tukuna, in an yaba sai a cika kwantena kafin azumi.

Alhaji ne zai kawo miki wannan.

Naki,
Abdulgafar

*

Kano
20 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Mista Lick,

Wa'alaikumus salam. Barka da Sallah. Kowa lafiya. Idon Baba sai addu'a, yanzu inuwa kawai yake gani, amma bakin nan yana nan yadda ka bar shi. Fatun layya sun cika majema, warin har ƙofar gidanmu. Na ce Allah sarki, ga kakar mayen fata ta zo shi kuma yana can yana lasar kayan wasu.

Na buɗe maka ƙamus, kalmar taka ta ci kusan rabin shafi. Asalinta dai lasa ne, irin na mage da kwanon nono. Amma Bature bai bar ta nan ba. In ya ce an lashi yaro, jibga ya sha. In ƙungiyar ƙwallo ta lashi wata, ta lallasa ta ke nan. Ɗan fentin da mai gida yake shafa wa bango don ya rufe idon ɗan haya, shi ma lasa suke ce masa. Wuta in ta fara taɓa jinkar ɗaki, lasa take yi. Wanda aka kayar ya koma gefe yana jinya, sai su ce raunukansa yake lasa, kamar kare. Akwai kuma ta bafade, wanda suke cewa yana lasar takalmin ubangidansa. Ban san wacce ta ba ɗan Ghana dariya ba, amma da ni aka tambaya ta takalmin zan zaɓa maka, tunda ga Lawban ga ka. Kada ka ɓata rai, taubashi, ba zagi ba ne. Sunan aikinka ne kawai.

Na karanta wa Baba takardarka sau uku, na huɗu na ce makogwarona ya bushe. Da la'asar ya sa aka ja shi har bakin ramukan jima, ya tara mutane yana cewa, "Kun ji? Yanka ashirin! Mutanen Sin da injinansu sai da suka nemi harshen jikan Ilu." Ban taɓa ganinsa haka ba tun rasuwar babanka. Maganar tunkiyar nan ce kawai ba ta gamsar da shi ba. Ya ce tunkiya tunkiya ce ko ina aka haife ta, ka aiko masa da ɗan yanki ya ji.

Yanzu bari in ajiye wasa. Maganar fasfon nan ba ta kwanta min ba. Wace irin biza ce ake sabuntawa wata biyar? Na yi wa Alhaji Shitu magana, ya ce haka suke yi a can, kuma Lawban mutumin kirki ne. Shi dai yana shiga yana fita da nasa fasfon a aljihu. Ka matsa ka karɓi abinka, ko da ba ka da niyyar tahowa yanzu.

Ka riƙa cin wani abu ban da ƙwai.

Taka,
Saudat

*

Shiling
14 ga Yuli, 1998

Saudat,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ki gai da kowa.

Alhaji yana tsaye yana jirana, mota tana waje, ba zan tsawaita ba. Gafaka ɗarin sun kammala, yana tahowa da su. Ya ware guda ɗaya ya ce kyautarsa ce ga Baba.

Don Allah ki karɓa ki ajiye a wurinki. Kada ki kai wa Baba, kada ya taɓa ta, kada a sa komai a ciki. Ban gamsu da aikin ba. Ki jira takardata ta gaba.

Ki yi min wannan, Saudat.

Abdulgafar

*

Shiling
18 ga Yuli, 1998

Saudat,

Assalamu alaikum. Ba zan ce miki ina lafiya ba. Wannan ta gidan waya za ta zo, Allah ya sa ta riski waccan kafin a yi ɓarna. Waccan a ofishin Lawban na rubuta ta, shi yana zaune, Alhaji yana tsaye a kaina, kuma kin san ba na liƙe ambulan in Alhaji ne zai kai, don kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Fatar nan ba tunkiya ba ce. Alade ne.

Kwana biyu kafin tafiyar Alhaji wani ɗalibi ɗan Damagaram mai suna Ghali ya rako wani mai saye a matsayin tafinta. Yana jin yarensu, yana karanta rubutunsu. Ya ga na ciro yanki daga wani ɗauri na kai baki, sai ya riƙe min hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san abin da aka rubuta a jikin ɗaurin nan?" Ya ja ni waje, ya ɗaga fatar a hasken rana ya nuna min ramukan gashinta, uku-uku a jere, duk inda ka duba. Ya ce ko yaro a ƙasar nan ya san wannan alamar. Ni da aka haifa a majema ban san ta ba, don a ina zan gan ta? Na zaga bayan injin wuta na yi amai. Na wanke bakina da sabulun wanki har dasashina ya yi jini. Wata huɗu ina lasarta, Saudat, kusan kullum.

Na ja Ghali muka shiga wurin Lawban. Ko fushi bai yi ba. Ya ce shi bai taɓa cewa tunkiya ba ce, ni na faɗa da bakina a gaban mai saye. Gaskiyarsa kuwa. Sai ya jawo durowa, na hango koren fasfona a kan wasu takardu, ya mayar ya kulle. Ya ce an riga an yanka fatun kwantenar, ba za su koma ba. In Alhaji ya dawo a watan Oktoba zai sake miƙo min fatar a gabansa. In na ce tunkiya, a loda kaya, ya ba ni fasfona da tikitin gida. In na ce wani abu daban, to bizata ta daɗe da mutuwa, kuma shi ba ruwansa da abin da 'yan sanda za su yi da ni.

Kwana biyu ina tare da Alhaji bayan na sani. Mun ci abinci a kwano ɗaya. Sau uku ina buɗe baki, sai in tuna durowar nan in tambaye shi labarin gida. Ina kallo aka saka gafakun a jakarsa. Ni matsoraci ne, ban taɓa sanin haka ba sai a garin nan.

Abin da ke cin raina ba lasar ba ce kaɗai. Alhaji bai san Lawban ba, ni ya sani, kuma ni ma don Baba ya yarda da ni. Duk wanda zai sa Littafin Allah a cikin abin nan, da sunan Ilu zai sa.

Ki aiko amsa ta adireshin Ghali da ke bayan ambulan. Da ruwa na liƙe shi, ba na iya sa harshena a kan komai yanzu.

Abdulgafar

*

Kano
21 ga Agusta, 1998

Abdulgafar,

Wa'alaikumus salam. Muna nan da rai da lafiya. Takardarka ta gidan waya ta zo, amma ta makara da kwana tara. Ka yafe min.

Da na karanta 'yar gajeriyar, dariya na yi. Na ce wannan dai tsoron Baba yake ji, kada tsoho ya laluba ya ce ɗinkin ya karkace, kamar ranar da ka ɓoye jakar farko da ka ɗinka a cikin rumbu. Na juya gafakar nan ciki da waje ban ga aibunta ba, ga laushi ga kyau. Kuma Alhaji ya riga ya yi wa Baba albishir, kullum sai ya tambaye ni. Na riƙe ta kwana huɗu, ranar Juma'a bayan an sauko na kai masa.

Yana zaune a zaure a kan buzunsa. Ya shafa ta da hannu biyu yana murmushi, ya ce in ɗauko masa Alƙur'anin babanka. Na ɗauko, na kwance tsohuwar gafakar, na sa shi a sabuwa da hannuna. Da hannuna, Abdulgafar. Ya rungume a ƙirji. Can sai ya ce, "Bari in ji tunkiyar mutanen Sin," ya kai marfin bakinsa.

Ya lasa. Ya sake lasa. Sai ya ce, "Cire Littafin." Na cire. Ya ce in kawo buta. Ya kurkure baki ya zubar, ya kurkure ya zubar, har butar ta ƙare. Sannan ya ce, "Shekara saba'in ina wannan aiki. Na san akuya, na san tunkiya, na san saniya da raƙumi da barewa, har kada da mesa sun bi ta hannuna. Duk abin da Musulmi yake jemewa na san shi. In harshena bai san fata ba, to saura dabba ɗaya." Ni a lokacin ban ma gane ba.

Da doguwar takardarka ta zo na karanta masa duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Bai zage ka ba. Cewa ya yi laifin nasa ne, ya koya maka sunan kowace fata amma bai taɓa bari ka ji ya ce bai sani ba, don shi ma girman kai ne da shi. Ya aika an tambayi malamin unguwa, malam ya ce abin da aka yi cikin rashin sani Allah mai gafara ne, amma yanzu an sani.

Sauran gafakun suna nan a shagon Alhaji, bai sayar ba, nunawa kawai yake yi yana karɓar sunayen masu so. Na ce wa Baba mu je mu gaya masa. Ya ce a'a. Ya ce bakin da ya ce tunkiya shi zai warware, kuma a inda ya faɗa. In Alhaji ya dawo daga Sin bai ji daga gare ka ba, ranar zai sa a ja shi har kasuwa ya faɗa da kansa, daga nan kuma ba shi da jika mai suna Abdulgafar.

Wannan maganar Baba ce. Ga tawa, kuma bai san na rubuta ba. Ka ce tunkiya. Ka karɓi fasfonka ka hau jirgi. In ka sauka mu je tare ka durƙusa wa Alhaji, a ƙone kayan, ka sha zagin da za ka sha a cikin danginka. Fushin Baba zan iya da shi, na saba. Abin da ba zan iya ba shi ne a ce kana kulle a wani wuri da ba wanda ya san sunanka. Na san abin da nake gaya maka ba daidai ba ne, na kuma faɗa.

Za ka ga ɗan yankin fata a cikin ambulan. Baba ne ya yanko daga wata da ya daɗe yana ajiya a ƙarƙashin gadonsa. Ya ƙi gaya min ko ta mece ce. Ya ce ka lasa ka aiko masa da amsa.

Taka,
Saudat

*

Shiling
27 ga Oktoba, 1998

Saudat,

Assalamu alaikum. Ina da rai. Ki gai da maigidanki da yara. Babu abin yafewa tsakanina da ke, ni ne ban rubuta a fili ba.

Takardarki ta kusa yagewa saboda karatu. Har safiyar da Alhaji ya iso shawararki na riƙe. Na ma ɗaure kayana, na ba wa mai gadi bokitina.

Aka zauna a ofis. Lawban ya zuba shayi, ya shimfiɗa fatar a kan tebur, ya ajiye makullin durowar a gefenta inda zan gani. Alhaji yana ta fara'a, yana ba ni labarin makarantun da suka rubuta suna, har da wadda za ta raba wa yara masu sauka. Ya ce, "To jikan Ilu, sa mana albarka." Na ɗauki fatar. Hannuna ya ƙi kai ta bakina. Na ce, "Alhaji, alade ne. Wancan karon ma ban san ta ba na ce tunkiya. Kuma na sani tun kafin ka tafi da ɗarin nan, na yi shiru."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya mare ni. Ya dube ni ya ce, "Kwano ɗaya muka ci." Ya ɗauki hularsa ya fita, ko shayin bai taɓa ba. Na bi shi har ƙofa da wata takarda da na rubuta miki, bai juyo ba. Ban ga laifinsa ba.

Lawban ya mayar da makullin aljihu. Yanzu an mai da ni ɗakin shafa gam, daga safe zuwa magariba, kuma an gaya wa mai gadi kada in wuce ƙofa. Bai kira 'yan sanda ba tukuna, ina jin yana tunanin abin da zai yi da ni ne. Ba mai ce min Mista Lick yanzu, ba mai kirana da komai. Ghali yana zuwa ranar Lahadi mu yi magana ta tsakanin ƙarafan ƙofa, shi zai sa wannan a gidan waya. Ya rubuta wa ofishin jakadancinmu a Beijing, ya ce wurin da nisa kuma ba sa saurin amsa. Kada ki sa rana a ranki, ni ma ban sa ba.

Saura saƙon Baba. Akwai abin da ban gaya miki ba. Fatun nan ba da bagaruwa ake jeme su ba, da wani magani ne mai ɗanɗanon ƙarfe, kuma tun damina harshena ya fara tsagewa. Shayi da ruwan zafi duk ɗaya suke a bakina. Na yi zaton in na daina lasa zai dawo.

Jiya bayan an tashi daga aiki na yi alwala, na zauna, na ciro ɗan yankin. Idona ya ce akuya ce, ga jan karan dafi, ga yankan wuƙar Baba da ke karkata hagu. Amma ba idona ya tambaya ba. Na sa a harshe ina jiran baurin bagaruwa. Na lasa sau uku, na juya bayan na sake. Kamar takarda.

Kada ki gyara min amsar in za ki karanta masa. Ki ce jikansa ya gaishe shi, ya lasa, ya ce bai sani ba.

Naki,
Abdulgafar